Ƙugiya da Hamza a Allon AZERTY: Tarken Ƙananan Manhajojin Rubuta Hausa a N'Djamena

1.0 Gabatarwa

A wurin taro aka saba yanke ƙa'idojin rubutun Hausa. An zauna a Bamako a 1966 ƙarƙashin UNESCO, an kuma zauna a Yamai a 1980 domin a daidaita rubutun Nijeriya da na Nijar, kuma ɗalibin Hausa yakan haddace waɗannan shekaru saboda jarrabawa. Sai dai tun da rubutu ya bar keken rubutu ya koma kan kwamfuta, an sami wasu masu yanke hukunci a kan rubutun Hausa waɗanda ba su taɓa halartar taro ba. Su ne ƙananan manhajojin da ke tsakanin yatsan mai rubutu da takardar da za ta fito: wadda ke mayar da maɓalli harafi, da wadda ke zana harafin, da wadda ke yin gyara ba tare da an sa ta ba, da kuma wadda ke jera kalmomi bi da bi. Wannan takarda tarke ce a kan waɗannan manhajoji, musamman Keyman, wadda masu aikin harsunan Afirka suka fi sani. Hukuncin takardar shi ne, sun gama da matsalar baƙaƙe masu ƙugiya kuma sun cancanci yabo a kan haka, amma hamza, wadda ita ma baƙi ce cikakkiya a Hausa, har yau ba ta da mai kula da ita.

An zaɓi a duba al'amarin daga N'Djamena, babban birnin ƙasar Cadi, wanda ke bakin kogin Shari daura da garin Kuseri na Kamaru. Faransawa suka kafa shi a 1900 da sunan Fort-Lamy, aka sake masa suna a 1973 zamanin Shugaba Tombalbaye. Hausawa tsiraru ne a birnin, yawancinsu 'yan kasuwa da zuriyar mahajjatan da suka bi hanyar gabas ta ƙasa. Harsunan hukuma Faransanci ne da Larabci, harshen kasuwa kuwa Larabcin Cadi ne, wanda a Borno ake kira Shuwa. Dangin harsunan da Hausa take ciki sunan tafkin Cadi suka ci, amma wannan bai ba ta wani matsayi a ofis ba. A Kano kwamfuta takan zo da saitin Ingilishi, mai rubutu ya saba da ɓarnarta har ya daina ganinta. A N'Djamena saitin Faransanci ne, allon rubutun kuma irin na Faransa ne da ake kira AZERTY, saboda haka ɓarnar takan fito da wata kama daban, ta yi saurin ganuwa. A Yamai da Maraɗi ma AZERTY ake amfani da shi, to amma Nijar tana da dokar ƙa'idar rubutun Hausa ta 1999. Mai rubuta Hausa a N'Djamena yana tsakanin ƙa'idoji biyu ne, ta Nijeriya da ta Nijar, ga kuma na'ura da ba ta san ko ɗaya daga cikinsu ba.

2.0 Zamanin Ƙwace Gurbi

Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Kowane harafi yana da lambarsa a wani jadawali, sannan a sami wani fayil daban mai ɗauke da zanen da za a nuna idan lambar ta zo. Wannan fayil shi ake kira zubin haruffa a wannan takarda, kamar Times New Roman ko Arial. Jadawalin ASCII na 1963 gurabe 128 gare shi, an yi shi ne don Ingilishi. Jadawalin da Windows ta yi wa harsunan Yammacin Turai gurabe 256 ne, kuma a cikinsa Faransanci ya sami é da è da ç da à. Hausa ba ta sami ko gurbi ɗaya ba, alhali tun shekarun 1930 aka karɓi ɓ da ɗ da ƙ a rubutun boko, a zamanin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939.

Dabarar da aka yi ita ce a ƙwace gurbin wani. Sai a ɗauki zubi, a goge zanen wata alama da Hausa ba ta bukata, a zana mai ƙugiya a wurin. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya samar da zubi biyu na Hausa, Rabi'at da Abdalla, waɗanda masu buga littattafai a Kano suka ci moriyarsu ƙwarai. Duk wanda zai yi tarken wannan zamani ya kamata ya fara da cewa ba don irin wannan aiki ba, da ɗimbin littattafai sun fito babu ƙugiya ko ɗaya. Hanyoyi biyu suka yaɗu. Ta farko ta ƙwace gurbin bakunan rubutu da makamantansu, shi ya sa idan aka buɗe tsohon fayil a kwamfutar da ba ta da zubin sai a ga "wa]anda" da "}asa" da "~arna". Ta biyu ta ƙwace q da x da v, tun da Hausa ba ta aiki da su, sai a ga "waxanda" da "qasa" da "varna". Wannan ta biyun ta tsallake zubi ta zama al'ada, har matasa na rubuta ta a wayar hannu da gangan.

Duka hanyoyin biyu an ƙera su ne a kan allon QWERTY da tunanin wanda Hausa kaɗai zai rubuta. A allon AZERTY babu maɓallin da ke ba da waɗannan bakuna kai tsaye. Sai an danne maɓallin AltGr sannan a nemo su a layin lambobi. Alamar ~ kuwa a saitin Faransanci mataccen maɓalli ce, wato ba ta fitowa sai an ƙara danna wani, domin jira take a ba ta harafin da za ta hau. Ke nan ɓ ɗaya tana cin dannawa uku. Hanyar q da x da v ta fi sauƙin bugawa amma ta fi muni a N'Djamena, inda takarda ɗaya kan haɗa Hausa da Faransanci. Faransanci cike yake da waɗannan haruffa uku, don haka "qui" sai ta koma "ƙui", "vous" ta koma "ɓous", "deux" ta koma "deuɗ". Babban aibin dai ba a ido yake ba. A cikin fayil ɗin babu ƙ ko ɗaya, q ce ko baka take sanye da rigar ƙ, kuma ranar da aka tuɓe rigar sai asali ya bayyana.

3.0 Unicode da Keyman

Jadawalin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, ya ba kowane baƙin Hausa lambarsa ta kansa. Ana rubuta lambobin da U+ a gabansu. Manyan Ɓ da Ɗ da Ƙ suna U+0181 da U+018A da U+0198, ƙaramar ƙ tana U+0199, Ƴ da ƴ suna U+01B3 da U+01B4. Ƙananan ɓ da ɗ kuwa an kai su can wata unguwa, wadda aka ware wa alamomin ilimin furuci, a U+0253 da U+0257, saboda masana furuci na duniya suna amfani da su wajen nuna haɗiyau. A riƙe wannan rarrabuwa, za a sake cin karo da ita a gaba. Samun lamba bai sa an sami zane nan take ba. A zamanin Windows XP, Times New Roman da Arial ba su da waɗannan haruffa, sai a ga ɗan akwati a wurinsu, ko kuma na'ura ta aro harafin daga Lucida Sans Unicode ya tsaya tsakiyar kalma ya fi maƙwabtansa ƙiba. An cike wannan giɓi daga Windows Vista a 2007, ga kuma zubin da ƙungiyar SIL ta bayar kyauta, irin su Doulos SIL da Charis SIL da Gentium da Andika. Daga Windows 7 a 2009 ma an sa allon Hausa a cikin manhajar kanta, sai dai a kan tsarin QWERTY aka gina shi.

A nan Keyman ta shigo. Marc Durdin ya rubuta ta a 1993 yana matashi a ƙasar Lawos, domin a iya buga harshen ƙasar a kan Windows. Kamfanin Tavultesoft ya riƙa sayar da ita, SIL ta saye ta a 2015, daga baya ta mayar da ita kyauta. Aikinta ɗaya ne: ta tsaya tsakanin allon rubutu da manhajar da ake rubutu a cikinta, ta karɓi abin da aka danna, ta duba abin da ya gabace shi, sannan ta yanke abin da zai fito. Mai tsara allo yakan rubuta mata ƙa'idoji gajeru. Alal misali, ƙa'ida kamar 'k' + ';' > 'ƙ' ma'anarta ita ce, idan k ce ta gabata aka danna waƙafi mai ruwa, to a share k a sa ƙ. Ɗalibin da ya yi darasin tsarin sauti zai ga kamar ya san wannan siffa, domin kusan haka ake rubuta dokar naso: kaza ya koma kaza a muhallin kaza.

Wannan tsari ya fi mataccen maɓalli kyau ga mai koyo, saboda yana ganin k ta fito sannan ta yi ƙugiya a gaban idonsa. Kuma ya dace da Hausa fiye da yadda zai dace da Ingilishi ko Faransanci, don kalmomin Hausa galibi da wasali suke ƙarewa, da wuya k ko b ko d su zo daf da alamar tsayawa. An ce da wuya, ba a ce ba ya faruwa ba. Amsa-kama kan ƙare da baƙi: tak, cak, sak, birjik. Wanda ya rubuta "ɗaya tak" ya bi ta da waƙafi mai ruwa, a ƙarƙashin ƙa'idar da ke sama "ɗaya taƙ" zai samu. Mai tsara allon da bai san amsa-kama ba ba zai hango wannan ba, sai mai rubutu ya faɗa ramin. Ana iya gyara shi da ƙa'ida guda, amma sai an san da shi tukuna.

Abin da ya fi shafar N'Djamena shi ne Keyman ta bambanta allo iri biyu. Akwai wanda ke bin gurbin maɓalli, ko me aka zana a kansa, akwai kuma wanda ke bin harafin da allon asali ke bayarwa. SIL ta fitar da allonta na Afirka baki ɗaya a duka siffofin biyu. A AZERTY, a da q sun yi musayar wuri, z da w ma haka, m ta dawo gefen l. Saboda haka allon da aka tsara a Nijeriya bisa gurbi, idan aka ɗora shi a kwamfutar N'Djamena, mutum zai danna maɓallin da aka rubuta wa a ya ga q. Wanda ya haddace allo ba ya dubawa ba zai damu ba, amma mai kallon yatsunsa ya shiga uku. Masu tsara allon Kamaru sun fahimci haka, suka yi shi kashi biyu, na QWERTY da na AZERTY, saboda ƙasarsu tana da ɓangaren Ingilishi da na Faransanci. Akwai kuma allon da SIL ta tsara don harsunan Cadi. Mai neman allo a can ya fara gwada ƙ kafin komai. Su ɓ da ɗ suna cikin Fulatanci da Ngambay da wasu harsunan ƙasar da dama, kowa zai tuna da su. Ita ƙ, wadda tunkuɗau ce, babu ita a Fulatanci, babu ita a Ngambay, babu ita a Larabcin Cadi.

Akwai wani abu kuma da babu manhajar da ta kula da shi. Wasalin a shi ya fi kowane harafi yawa a rubutun Hausa, amma a AZERTY an hau da shi layin sama ƙarƙashin ƙaramin yatsan hagu, aka bar wa q wurin hutun yatsan. Ita kuma w, wadda Faransanci ba ya cika amfani da ita, an jefa ta kusurwar ƙasa, alhali Hausa ba ta iya jimla biyu babu wannan da wanda da kuwa. Wannan gajiyar hannu ce kawai, ba ta ɓata ma'ana, shi ya sa ba za a tsaya a kanta ba.

4.0 Hamza

Sunan birnin kansa yana ɗauke da alamar da ake magana a kai. A cikin N'Djamena alamar ba ta wakiltar wani sauti, al'adar rubutun Faransanci ce ta raba n da baƙin da ke biye da ita. A Faransanci alamar tana nuna an shafe wasali, kamar a l'eau. A Ingilishi tana nuna mallaka ko taƙaitawa, tana kuma buɗe zancen wani ta rufe shi. A duk waɗannan alamar rubutu ce, 'yar'uwar aya da waƙafi, kuma a haka na'ura ta san ta. A Hausa kuwa aiki biyu take yi, duka na baƙi. Ita ce hamza a tsakiyar kalma, kamar a sa'a da jama'a da ma'ana. Ita ce kuma rabin baƙin 'y a ƙa'idar Nijeriya, kamar a 'ya da 'yanci. Ga aiki na uku da masu waya suka ɗora mata, na zama ƙugiyar aro, inda wani zai rubuta k'asa wani kuma 'kasa.

Abin da ido ke gani alama ɗaya, a wurin na'ura aƙalla huɗu ne. Akwai miƙaƙƙiya da ke kan allo, U+0027. Akwai mai buɗe zance, U+2018, da mai rufe shi, U+2019. Sannan akwai U+02BC, wadda Unicode ta ware a matsayin harafi domin harsunan da ke rubuta hamza da wannan siffa. Ta huɗun ita ce ta Hausa a bisa ƙa'ida, domin na'ura tana lissafa ta cikin kalma. Amma babu maɓallinta a QWERTY ko AZERTY, kuma a kan takarda ba a bambanta ta da ta uku.

Word, a saitin da aka saba, yana sauya miƙaƙƙiyar da zarar an danna ta. Idan a tsakiyar kalma take, sai ya mayar da ita mai rufe zance, siffar ta yi daidai ko da lambar ba ta harafi ba ce. Idan kuma a farkon kalma take, a saitin Ingilishi sai ya ɗauka za a buɗe zance ne, ya juya ta. Daga nan ‘yan da ‘ya’ya masu juyayyar alama suka cika jaridu da littattafan Hausa, har wasu ɗalibai suna zaton haka ƙa'idar take. Saitin Faransanci yana da nasa ƙarin. Yakan mayar da alamun zancen wani su koma « da », ya kuma saka fili kafin alamar tambaya da ta motsin rai da ruwa biyu, saboda haka Faransawa suke yi. Takardar Hausa da aka buga a irin wannan saiti ana gane ta daga nesa. Maganin wannan ɓangare mai sauƙi ne, tun da Hausa tana cikin jerin harsunan da Word ya sani: a gaya masa harshen da ake rubutawa.

Excel ya fi ɓarna, kuma shi ake amfani da shi wajen jerin sunayen ɗalibai da jerin kalmomin bincike. A wurinsa miƙaƙƙiyar alama a farkon gida umurni ce, ma'anarta a ɗauki abin da ke biye a matsayin rubutu, don haka ba ya nuna ta. Wanda ya buga 'ya zai ga ya. An tashi daga ɗiya mace an koma wakilin suna namiji, babu gargaɗi. Akwai kuma umurnin da ke mayar da harafin farko na kowace kalma babba, wanda ake kira PROPER a Excel na Ingilishi, NOMPROPRE a na Faransanci. Yana ɗaukar duk harafin da ya biyo bayan alamar a matsayin farkon sabuwar kalma. Idan aka ba shi n'djamena sai ya fitar da N'Djamena daidai wa daida, mai aiki ya gamsu cewa umurnin lafiya yake. Idan aka ba shi sunayen Hausawa sai ya fitar da Sa'Adatu da Rabi'U da Isma'Il.

A nan ne yabon Keyman ya tsaya. Tana iya fitar da kowace daga cikin alamomin huɗu, zaɓin yana hannun wanda ya tsara allon, mai rubutu kuma ba shi da hanyar gane wadda aka zaɓa masa ta kallon takarda. Idan allon ya bar miƙaƙƙiya, Word zai juya ta a baya. Idan ya fitar da U+02BC, rubutun ya yi daidai da ƙa'idar Unicode amma ya saɓa wa tarin rubuce-rubucen Hausa da aka riga aka buga da sauran ukun. Ɗalibai biyu za su buga shafi ɗaya da allo biyu, malami ya duba ya ga babu bambanci, na'ura kuwa ta ƙirga jama'a ta wannan da jama'a ta wancan a matsayin kalmomi biyu. Ba za a ce laifin Keyman ne ita kaɗai ba, tun da ba a taɓa gaya mata wadda za ta bi ba. Taron Yamai ya riga Unicode da shekara 11, kuma abin da aka tattauna a lokacin siffar harafi ce a kan takarda. To amma manhajar da ta ɗauki nauyin rubuta harshe, kamata ya yi kowane allon da ke cikinta ya faɗa wa mai amfani da shi a sarari wace lamba yake bayarwa idan an danna hamza.

Ƙa'idar Nijar ta tsira daga rabin wannan matsala. Tun da ƴ take rubutawa, ƴaƴa kalma ce mai haruffa huɗu, babu abin da Word zai juya, babu abin da Excel zai haɗiye, babban harafinta kuma Ƴ ne babu gardama. In dai a kan na'ura ake magana, zaɓin Nijar ya fi na Nijeriya, kuma a Cadi harafin ba baƙo ba ne tun da Fulatanci yana aiki da shi. Sai dai ƴ ba ta yi wa sa'a da ma'ana komai ba. Kuma ga mai bincike a N'Djamena, wanda rubutun ƙasashen biyu ke iso masa, ƙarin aiki ne. In yana neman kalmar 'yanci a tarin fayiloli, sai ya nema da alamomin nan huɗu ɗaya bayan ɗaya, ya nemi ƴanci, sannan ya nemi yanci saboda waɗanda suka yar da alamar gaba ɗaya. Siffa shida ke nan ga kalma guda.

5.0 Jeri da Nema

Ɗalibin da ya koyi ɗan rubuta manhaja yakan fara da ƙaramin aiki, kamar ƙirga kalmomin wani littafi a jera su. Umurnin jerawa na asali a harshen Python, da wasu da dama irinsa, lamba yake bi daga ƙarama zuwa babba. Sakamakon shi ne duk kalmar da ta fara da ƙugiya sai ta faɗa bayan z. A can ɗin ma ba a jere suke ba, saboda rarrabuwar da aka ambata a baya: ƙ tana U+0199, ɓ tana U+0253, don haka ƙafa za ta riga ɓera da ɗaki, dukkansu kuma suna bayan zuma. Ita 'ya kuwa makomarta ta danganta da alamar da aka buga ta da ita. In miƙaƙƙiya ce za ta riga abinci, in ta Word ce za ta zo ƙarshen kowa.

Akwai maganin wannan a rubuce. Ma'ajiyar bayanan harsuna ta Unicode, wadda ake kira CLDR, tana da ƙa'idar jerin Hausa: ɓ bayan b, ɗ bayan d, ƙ bayan k, sh bayan s, ts bayan t, sannan 'y da ƴ a wuri ɗaya bayan y. Ke nan tsari zai zo bayan tuwo, tun da ts baƙi ne mai zaman kansa. Manyan manhajoji da dama suna iya bin wannan ƙa'ida idan an gaya musu harshen. Ƙananan da ake rubutawa a gida ne ba sa bi, saboda mai rubuta su bai san tana nan ba.

Wajen nema kuma bukata biyu ce ke karo da juna. Mai neman labari yana so in ya buga kasa a kawo masa har da ƙasa, don ya san rabin marubuta ba sa sa ƙugiya. Mai nazarin harshe kuwa wannan haɗawar ita ce asararsa, domin kafa da ƙafa, da bata da ɓata, da daidai da ɗaiɗai, da baki da baƙi, su ne abin da yake son rabawa. Manhajar nema mai kyau ita ce wadda ta bar wa mai aiki zaɓi tsakanin biyun. Wadda ta zaɓa masa a ɓoye, ko wanne ta zaɓa, za ta ɓata wa ɗayansu lissafi.

6.0 Karin Sauti da Ajami

Rubutun yau da kullum ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, amma takardun koyarwa da ƙamusoshi irin na Paul Newman na 2007 suna nunawa, da 'yar sanda a kan dogon wasali da alamar gangare a kan karin ƙasa. A Unicode akwai ḕ da ṑ a haɗe, kowanne da lamba ɗaya, amma babu irinsu ga a da i da u, sai an ɗora alama a kan alama. Haka ma r̃ da ake bambanta ra-gare da ita, r ce da wata lamba a kanta. Charis SIL da Doulos SIL suna jera alamomin bisa juna yadda ya kamata, wasu zubin kuwa sukan cakuɗa su wuri ɗaya. Kuma tun da ḕ tana iya zuwa a haɗe ko a rarrabe, mai ƙirga kalmomi sai ya daidaita fayil ɗinsa zuwa siffa ɗaya kafin ya fara.

Ana iya zaton ajami zai fi samun sauƙi a N'Djamena, tun da Larabci harshen hukuma ne kuma allon Larabci ba abin nema ba ne. Amma allon da zubin da ke zuwa da kwamfuta na rubutun Gabas ne, ajamin Hausa kuwa hannun Warash ya gada, inda fa take da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Ɗigon imala da ake nuna wasalin e da shi ya sami lambarsa a 2005, siffofin fa da ƙaf da nun na Afirka suka sami nasu a 2016. SIL ta fitar da zubin Harmattan don ajamin Afirka ta Yamma, da kuma Alkalami a 2017, wanda aka zana bisa rubutun hannu irin na Kano. Wanda ya buga ajami da allon Larabci na ofis, fa ɗinsa za ta fito da ɗigo ɗaya a sama, almajirin da ya tashi da Warash kuma ƙaf zai karanta.